Ali Ko Tyson? Tarihin Wani Musu Da Ya Ƙi Ƙarewa

Duk wanda ya yi wayo a Dutse a shekarun farko na Jihar Jigawa, wato bayan an ƙirƙiro ta ran 27 ga Agusta, 1991, zai iya tuna yadda hira ke daɗi a teburin mai shayi. Ma'aikata ne aka kwaso daga Kano, da yawansu ba su taho da iyali ba, saboda haka da an idar da sallar lisha sai kowa ya nemi benci. A nan ake musun siyasa, a yi na ƙwallo, in dare ya fara nisa kuma sai wani ya jefo tambayar da ke hana a tashi: da a ce Muhammadu Ali da Mike Tyson za su haɗu, kowa yana kan ganiyarsa, wa zai kashe wani?

A lokacin ni yaro ne, aikena ake yi sayen burodi, in tsaya sauraro har in sha faɗa a gida. To, a zangon karatun da ya wuce sai ga ɗalibaina biyu sun tare ni a bakin aji da tambayar nan sak, ba ragi ba ƙari. Ɗayansu ya ce, "Malam, don Allah raba mana gardama." Babu wanda aka haifa a cikinsu lokacin da Tyson ke tashe, balle Ali. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in bi sawun musun, in ga daga ina ya faro, da kuma abin da zai koya mana mu masu riƙe da alƙalami.

Mutanen Biyu

An haifi Ali a garin Louisville na Amurka cikin 1942, da sunan Cassius Clay. Ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, sa'annan a watan Fabrairun 1964 ya karɓe kambun duniya na ajin masu nauyi daga hannun Sonny Liston, wanda kowa ke tsoro. Nan take ya bayyana musuluntarsa, kuma a cikin shekarar ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar. A 1967 ya ƙi shiga soja saboda yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe fiye da shekara uku, daidai lokacin da ƙarfinsa ya kai. Ya dawo a 1970, ya sake riƙe kambun a 1974 da 1978. Ya yi dambe 61, ya ci 56, aka ci shi sau 5. Ya rasu ran 3 ga Yuni, 2016.

Shi kuwa Tyson an haife shi a unguwar Brooklyn ta birnin New York cikin 1966. Wani dattijo mai suna Cus D'Amato ne ya ɗauke shi yana ƙangararren yaro, ya koya masa sunkuyo da kaɗa kai da shiga jikin abokin karawa. Ran 22 ga Nuwamba, 1986, ya kayar da Trevor Berbick a turmi na biyu, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe kambun masu nauyi, yana da shekara 20. A watan Yunin 1988 ya gama da Michael Spinks, wanda ba a taɓa ci ba, cikin daƙiƙa 91. Mutanen da suka biya kuɗi masu yawa ba su ma gama gyara zama ba aka ce an tashi.

Mai karatu zai lura cewa shekara 24 ce tsakaninsu. Ran da Ali ya yi dambensa na ƙarshe a 1981, Tyson na ɗan shekara 15. Ke nan tun asali babu ranar da za a raba wannan gardama a fili.

Hujjar Kowane Ɓangare

Masu bayan Tyson, waɗanda akasari samari ne a wancan zamani, sukan ce Ali yana da rauni ɗaya sananne, wato naushin hagu mai lanƙwasa. Da shi Henry Cooper ya zaunar da shi a Landan a 1963, da shi kuma Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 a watan Maris na 1971. Frazier gajere ne mai kutsawa, kamar Tyson, amma Tyson ya fi shi saurin hannu, kuma hannayensa biyu duka masu kisa ne. Sa'annan sukan kawo hujjar da suke gani ta fi kowace: mutum biyu ne suka kara da Ali suka kuma kara da Tyson, wato Larry Holmes da Trevor Berbick. Dukansu sun ci Ali, dukansu Tyson ya shimfiɗe su.

Dattawa kuwa sai su yi murmushi su ce a duba shekaru. Lokacin da Holmes ya doke Ali a 1980, Ali na da shekara 38. Berbick ya same shi yana da 39, jiki ya riga ya gaji. Haka nan lokacin da Tyson ya kayar da Holmes a 1988, Holmes ɗin ma shekararsa 38, ya ma ajiye dambe aka kira shi da kuɗi. Ashe dai hujjar ba ta nuna komai ba face tsufa ba ya da aboki a filin dambe. Suka ƙara da cewa Ali ya fi tsawo da wajen inci biyar, hannunsa ya fi kai wa nesa, kuma Alin 1966 ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a same shi.

Akwai wani tsohon tela da ba na mantawa, wanda ba ya ɗaga murya. Shi abin da yake cewa kullum shi ne, a daina duban yadda mutum ke duka, a dubi abin da yake yi in an doke shi. Da na girma na bincika sai na ga maganarsa dutse ce. Ali ya faɗi a hannun Sonny Banks a 1962, ya tashi ya ci. Ya faɗi a hannun Cooper, ya tashi ya ci. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, amma ya tsaya har aka gama turmi 12. Tyson kuwa bai taɓa cin damben da aka kai shi ƙasa a ciki ba: ga James Douglas a Tokiyo a 1990, ga Evander Holyfield a 1996, ga Lennox Lewis a 2002. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In aka matsa mini, ni ma nan na karkata: Tyson na da turmi huɗu ko biyar na farko, in Ali ya tsallake su, dare nasa ne. Amma wannan ra'ayi ne, ba tarihi ba.

Lissafin Da Dambe Ya Ƙi

Dalilin da ya sa na ce ra'ayi ne shi ne, tarihin dambe cike yake da ranakun da lissafi ya ci amanar masu shi. A aji mukan koya wa yara cewa in Audu ya fi Bala tsawo, Bala ya fi Garba, to, Audu ya fi Garba. Dambe bai san wannan doka ba. Frazier ya ci Ali a 1971. A watan Janairun 1973, a Kingston ta Jamaika, George Foreman ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu. Norton da ya karya wa Ali muƙamuƙi shi ma turmi biyu ya yi a gaban Foreman. Bisa lissafi, Ali ba shi da ta cewa. Amma ran 30 ga Oktoba, 1974, a Kinshasa ta ƙasar Zayar, Ali ya jingina da igiya ya bar Foreman ya yi ta duka har ya galabaita, sa'annan ya kayar da shi a turmi na takwas.

Haka ma Douglas, wanda masu caca suka ba shi ɗaya bisa 42, ya kwance wa Tyson kambu a turmi na goma. In mun koma baya, a 1910 fararen Amurka sun daɗe suna cika baki cewa da tsohon zakaransu Jim Jeffries, wanda ya ajiye dambe ba a taɓa cin sa ba, zai dawo, da baƙar fata Jack Johnson bai riƙe kambu ba. Suka lallashe shi ya dawo. Ran 4 ga Yuli, a garin Reno, Johnson ya lallasa shi har turmi na 15. Abin da ya biyo baya tarzoma ce a garuruwa da dama, aka kashe mutane, galibinsu baƙaƙe. Wannan ya nuna cewa musun nan ba kullum yake zama na nishaɗi ba. Sau da yawa mutum ba ɗan dambe yake karewa ba, kansa yake karewa: launinsa, ko addininsa, ko zamaninsa. Dattawan teburin mai shayi suna kare Ali ne don Musulmi ne da ya tsaya wa gwamnatin Amurka, kuma don shi ne gwanin ƙuruciyarsu. Mu kuma muna kare Tyson don shi muka gani a kaset ɗin bidiyo.

Ranar Da Aka Tambayi Kwamfuta

Ɗalibaina sun ce yanzu ai sai a tambayi na'ura ta raba gardama. Na ce musu an riga su. A 1967 wani mai shirin rediyo a Miami, Murry Woroner, ya zuba bayanan zakaru 16 cikin kwamfuta, ya shirya musu gasar ƙarya. Na'urar ta ce Jeffries zai ci Ali. Ali ya fusata ya kai ƙara, daga bisani aka sasanta a kan zai fito a fim tare da Rocky Marciano, wanda ya yi dambe 49 ba a ci shi ba. A 1969 suka yi ta kwaikwayon dambe a gaban kyamara, aka ɗauki ƙarshe iri-iri. Marciano ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Agustan shekarar, bai ga fim ɗin ba. Ran 20 ga Janairu, 1970, aka nuna a gidajen silima cewa Marciano ya kayar da Ali a turmi na 13. Musu ya mutu? Ko kusa. Sai ma aka buɗe sabo, a kan wa ya ba na'urar bayanan.

Ko masu rai a zamani guda ma ba dole ne su haɗu a kan kari ba. A 2021 an shirya karon Anthony Joshua, wanda asalin iyayensa Shagamu ne, da Tyson Fury, kowannensu na riƙe da kambu. Wata shari'ar yarjejeniya ta rushe shirin. Kafin a farga, Oleksandr Usyk na Yukren ya ci Joshua sau biyu, a 2021 da 2022, ya kuma ci Fury sau biyu a 2024.

Namu Na Gida

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na rubuto wa wannan mujalla maimakon shafin wasanni. A teburin nan dai, in an gaji da Turawa, akan koma kan Shago da Ɗandunawa, a kwatanta su da 'yan damben da ake yayi. Amma sai musun ya canza kama. A na Ali da Tyson kowa na jefo shekara da turmi da sunan gari. A na Shago kuwa hujja ba ta wuce biyu: abin da Ɗan Anace ya faɗa a waƙa, da abin da wani ya ce kakansa ya gani. Makaɗi kuwa aikinsa zuga ne, gwaninsa yake wasawa, ba ya ƙirga ranar da aka kashe shi. Duk da haka Shago ya yi sa'a, ya sami makaɗin da ya raya sunansa, har malaman jami'a suka yi nazarin waƙoƙin.

To, ina waɗanda ba su sami makaɗi irin wannan ba? A ƙasar Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, samarin mahauta kan naɗe hannu da zare su bi kasuwanni da bukukuwa, kalangu na tashi, a yi turmi uku, wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi. Kowane gari yana da wanda ake cewa ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Je ka rumfar mahauta ka tambayi wani dattijo, za ka ji suna da kirari da labarin karon da aka yi shekara hamsin ana tuna shi. Ran da dattijon nan ya kwanta dama, shi ke nan, an binne gwanin sau biyu. Na taɓa yin niyyar zama da wani tsohon ɗan dambe a ƙauyenmu, ina ta cewa sai an yi hutu. Hutun ya zo, na tarar an yi sadakar bakwai.

Kammalawa

Abin da ya sa yaron da aka haifa bayan 2005 zai iya musun Ali da hujja shi ne, wasu sun zauna sun rubuta: rana kaza, gari kaza, turmi kaza. Rubutun bai kashe musun ba, shi ne ma ya ba shi tsawon rai. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa da ke kukan rashin abin rubutawa, ku ɗauki littafi da biro ku nufi rumfar mahauta. Ku tambayi sunan ɗan damben da na ubangidansa, da ɓangarensa, Kudu ne ko Arewa ko Guramaɗa. Ku tambayi wa ya kashe, wa ya kashe shi, a wace kasuwa, zamanin wane hakimi. Ku ji ta bakin mutum biyu ko uku, in sun saɓa ku rubuta saɓanin yadda yake, kada ku gyara don labari ya yi daɗi.

Ɗalibaina biyu kuwa ban raba musu gardama ba. Na dai ba su aikin hutu: kowa ya kawo mini tarihin ɗan dambe ɗaya na garinsu, daga bakin wanda ya gan shi da ido. Ɗaya ya kawo shafi huɗu. Allah Ya sa mu dace, amin.