Hanyar Kurmi: daga Filinge zuwa bakin teku

Mai karatu, duba cikin garinku. Da wuya ka rasa tsohon da ya taɓa zuwa Kurmi. Ko ka san mafarin wannan tafiya? A ranin 2019 na bi hanyar tare da babana da mai ɗakina da yara biyu. Zo in ba ka labarinta.

Tun kafin zuwan Nasara fatake suna zuwa Gwanja. Su kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga, su ɗauko goro. Amma tafiyar talakawa da yawa, ita a zamanin Faransa ta fara. Kwamandan yana son lampo, kuma da kuɗi yake so, ba da hatsi ba. Ga aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Ga yunwar 1931 da fari suka kawo. Saurayi ya gama girbi, ina zai samo kuɗi a Kurfai ko Tondikandiya? Sai ya ɗauki sanda da gora ya nufi Gwalkwas, ƙasar Ingilishi, wadda ta zama Gana a 1957. Da ƙafa suke tafiya, wata guda ko fiye. Wasu su yi dako a Kumasi, wasu gonar koko, wasu ramin zinariya a Obuwasi. In damina ta kusa sai su komo da kuɗin lampo da turamen zane.

Har bori ya bi su. Wajen 1925, a garin Cikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fito da sababbin iskoki masu kwaikwayon sojan Nasara. Su ne Babule, Zabarmawa kuma su ce Hauka. Faransawa suka kama mabiyanta suka kulle. Duk da haka ƴan cin rani suka kai abin har Ankara, babban birnin Gana. Can ne wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki siliman wasansu a 1954.

Mu dai a mota muka tafi. Daga Filinge muka bi Baleyara zuwa Yamai, sannan Doso da Gaya. Muka haye gadar Kwara muka shiga Benin, wadda ake kira Dahome kafin 1975. Kwana biyu muka yi kafin Kwatano. Nan yara suka fara ganin teku. Ƙaramin ya tambaye ni wa ya haƙa wannan tabki. Ya ɗanɗana ruwan, ya tofar, ya ce an zuba gishiri.

Daga Kwatano hanya ta miƙe yamma, teku yana hannun hagu, itatuwan kwakwa jere. Mun tsaya a Wida. Daga wannan gaɓa aka riƙa loda bayi cikin jiragen ruwa ana kai su Amurka, har da mutanen arewa da aka kamo a yaƙi. A 1995 an gina wata babbar ƙofa a bakin ruwan don tunawa da su. Babana bai ce komai ba a wurin, sai addu'a da ya yi.

Gaɓar Togo gajeruwa ce, ba ta kai kilomita 60 ba. Kafin ka gyara zama ka iso Lome, kuma iyakar Gana tana nan bakin birnin, a Aflawo. Nan kuɗinmu na sefa ya daina aiki, muka canza shi zuwa sidi. Muka haye kogin Bolta ta gadar Sogakofe, muka wuce tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda aka buɗe a 1962, sai ga mu a Ankara.

To, ga dalilin da ya sa tsohon ya matsa a yi tafiyar nan. A unguwar Nima aka haife shi. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba da doka: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin kwana 14. Yawancin mutanenmu ba su da ita. Wasu ma ba su san ana nemanta ba, don ba mai karanta musu sanarwa. Kakana ya sayar da teburinsa da keken ɗinki a banza, ya sa iyali cikin kamyo. Babana yana da shekara tara. Ya iso Kurfai ba ya iya riƙe kalme, yara suna yi masa dariya suna ce masa ɗan Gana.

A ganina wannan ita ce halayyar hanyar Kurmi: ta buɗe, ta rufe, ba a shawara da matafiyi. Nijeriya ma ta kori baƙi a 1983. Gadar Gaya da muka bi lafiya, an rufe ta a 2023 bayan juyin mulki.

A Nima muka yini muna neman gidan. Ba mu same shi ba, an yi bene a wurin. Amma masallacin yana nan. Bayan la'asar wani tsoho ya ji sunan kakana, ya dubi babana da kyau, ya ce, "Kai ne ɗan tela?"