Ciwon da Fomatin Ba Ya Warkarwa

Kwamfutar da IBM ya fitar a 1981 tana da guntaye tara a kowane layi na ram ɗinta. Takwas suna riƙe bayani, na taran kuma mai gadi ne. Da zarar sifili ya juye ya koma ɗaya, sai na'urar ta tsaya cak, ta rubuta a allo cewa ram ya samu matsala. Akwai dalilin wannan tsantseni. A 1978 injiniyoyin Intel biyu, Timothy May da Murray Woods, suka gano cewa burbushin yuraniyom da ke cikin kwanson guntayen kaɗai ya isa ya juya bayani.

A shekarun 1990 masu ƙera kwamfutar gida suka cire mai gadin don rage kuɗi, kuma har yau ina ganin an cuci talaka. Ciwo ya koma na ɓoye. Allon Windows ya koma shuɗi, a zagi Windows. Masu Linux suna tsaka da harhaɗa manhaja aiki ya mutu, a sake gwadawa ya mutu a wani wurin daban. Wannan sauyin wuri shi ne alamar da muka koya: kuskuren manhaja yakan maimaita kansa a gurbi ɗaya, na ƙarfe kuwa yawo yake yi.

A 1994 Chris Brady ya rubuta Memtest86. Tana tashi ita kaɗai ba tare da Windows ba, ta cika ram da lambobi, ta karanto su, ta kwatanta. Nakan bar ta ta kwana tana aiki, domin wani ram ɗin sai ya ɗau zafi yake tona kansa. Da safe in na ga jan layi, an gama shari'a.

Daga 1999 zuwa wajen 2007 kuma aka sha annobar kafasita marasa kyau, yawanci ƙirar Taiwan. Da yawan kwamfutocin da ke ɗauke da su sun iso mana a kayan gwanjo. Mutum ya shigo shago: "Malam, a yi mata fomatin." In ce, "Alhaji, bari mu buɗe ta tukuna." Sai ka tarar da kawunan kafasita sun kumbura kusa da furosesa, ruwan ƙasa-ƙasa ya bushe a samansu, ƙurar hunturu ta toshe fanka. Nan sai darma, a cire su ɗaya bayan ɗaya, a dasa sababbi, a goge haƙoran ram da magogin fensir kafin a mayar.