Babi na Biyu: Tarihin Kayan Aikin Marubutan Kotu da Tasirinsu ga Lafiyar Jiki

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin kayan aikin marubutan kotu, wato ma'aikatan da ke ɗaukar duk abin da aka furta a zaman shari'a kalma bayan kalma. Aikin nasu ba ƙarami ba ne, domin a kan rubutunsu kotun ɗaukaka ƙara take dogara. Idan aka yi kuskure a jimla ɗaya ta mai ba da shaida, wani na iya rasa dukiyarsa ko 'yancinsa. Babin zai nuna cewa an daɗe ana kyautata kayan aikin domin sauri, amma ba a waiwayi jikin mai aikin ba sai daga baya.

2.1 Zamanin Alƙalami

Gajeren rubutu, wato rubuta magana da alamomi maimakon cikakkun haruffa, ya samo asali tun zamanin Rumawa. Ana danganta wani tsari nasa ga Tiro, magatakardan Cicero, a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Ingila, Isaac Pitman ya fito da tsarinsa a 1837, sannan John Robert Gregg ya buga nasa a 1888, wanda ya fi karɓuwa a Amurka. Kayan aikin marubucin wannan zamani ba su wuce alƙalami da tawada da littafi da benci ba.

Tun kafin wannan lokaci likitoci sun lura da illar aikin. Likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafi kan cututtukan ma'aikata a 1700, ya ƙara bayani a kan magatakarda a bugun 1713. Ya kawo dalilai uku na ciwonsu: yawan zama wuri guda, da maimaita motsin hannu iri ɗaya, da kuma wahalar da ƙwaƙwalwa don gudun kuskure. Idan aka duba da kyau, waɗannan dalilai uku su ne suka ci gaba da bin marubucin kotu har bayan da ya ajiye alƙalami.

2.2 Zuwan Na'urar Siteno

A 1879 wani marubucin kotu a jihar Illinois ta Amurka, Miles Bartholomew, ya yi rajistar na'urar gajeren rubutu. A Italiya kuwa, Majalisar Dattawa ta fara amfani da na'urar Antonio Michela a 1880. Amma tsarin maɓallan da ya zauna da gindinsa a Amurka shi ne na Ward Stone Ireland, wanda ya bayyana a farkon ƙarni na 20. Kamfanin Stenograph, da aka kafa a 1938, ya ci gaba da ƙera na'urori a kan wannan tsari.

Na'urar ta sha bamban da tafireta. Maɓallanta 22 ne, ban da sandar lambobi, kuma ana danna da yawa a lokaci guda. Yatsun hagu na buga baƙin farkon gaɓa, manyan yatsu na buga wasali, na dama kuma na buga baƙin ƙarshe. Da bugu ɗaya sai gaɓa ko kalma ta fita a kan siririyar takarda. Ta haka ne ake iya cimma kalmomi 225 a minti ɗaya, wanda shi ne ma'aunin jarrabawar ƙungiyar marubutan kotu ta Amurka, wadda aka kafa a 1899. Dokar 1944 kuma ta tanadi marubuta na dindindin a kotunan tarayya na ƙasar.

Na'urar ta rage wa hannun dama wahala, domin ta raba aikin ga yatsun hannu biyu. Sai dai ta zo da nata nauyin. Ana ɗora ta a kan maɗori mai ƙafa uku a tsakanin gwiwoyi, marubuci ya miƙa hannuwa gaba ba tare da majingina ba. Ba shi da damar tashi ko juyawa muddin ana magana, kuma kujerar da ya tarar a ɗakin shari'a ita zai zauna a kai, ko ta yi masa tsawo ko ta yi masa gajarta. Bugu da ƙari, idan an tashi daga kotu sai ya koma kan tafireta ya mayar da alamomin cikakken rubutu. Wannan ya sa ciwon wuya da kafaɗa da ƙugu da wuyan hannu suka zama abokan sana'ar. Wata hanyar da aka bi ita ce ta Horace Webb, wanda a shekarun 1940 ya ƙirƙiro abin rufe baki mai makirfo, inda marubuci ke maimaita maganar da ya ji cikin murya ƙasa-ƙasa. Wannan ya hutar da yatsu, amma hannu ɗaya na riƙe da abin tsawon zaman.

2.3 Waiwayar Jikin Ma'aikaci

Ilimin daidaita kayan aiki da jikin ma'aikaci ya tsaya da ƙafafunsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da kafa ƙungiyar masanansa a Ingila a 1949. Kujerar ofis da aka tsara bisa wannan ilimi ta shigo kasuwa daga baya. Misali, kamfanin Herman Miller ya fito da Ergon a 1976, da Aeron a 1994. Yawaitar ciwon hannu tsakanin masu aikin buga rubutu a Ostireliya a shekarun 1980 ta ƙara jawo hankalin hukumomi. Tarayyar Turai ta yi doka kan aiki da allon kwamfuta a 1990, wadda ta buƙaci kujera mai ɗagawa da saukewa. A Amurka an kafa irin wannan ƙa'ida ta kare ma'aikata a 2000, amma majalisa ta soke ta a 2001.

Abin da ya shafi marubucin kotu a nan shi ne, buƙatarsa ta bambanta da ta ma'aikacin tebur. Yana son kujera mai tallafe ƙugu, wadda tsawonta zai bar tafin ƙafa a ƙasa, kuma marar dogayen hannuwa da za su tokare gwiwar hannu. Maɗorin na'urar ma aka mayar da shi mai karkatawa, don wuyan hannu ya miƙe. An sassauta taurin maɓallai, wasu maƙera kuma suka raba na'urar gida biyu don kafaɗu su saki. Haɗa na'urar da kwamfuta, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1970, ya rage aikin dare na sake bugawa.

2.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa tsakanin gargaɗin Ramazzini na 1713 da kujerar 1976 akwai fiye da shekaru 260. A wasu wurare ma gyaran ya zo ne dab da ƙarewar sana'ar, domin kotun Old Bailey ta Landan ta maye gurbin marubutanta da na'urar naɗar murya a 2012. A Nijeriya kuwa, inda aka daɗe alƙali ne ke rubuta bayanan shari'a da hannunsa, nauyin da Ramazzini ya bayyana a kan alƙalin ya faɗa, kuma hakan na cikin abubuwan da ke jawo jinkirin shari'a. Babi na gaba zai duba yadda ake horar da marubutan kotu.