Baƙin Kashin Farko na Jariri a Matsayin Ma'aunin Lafiya: Nazari Daga Unguwar Gidan Dahala, Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kashin da jariri ke fara yi bayan haihuwa, da abin da jinkirinsa ko fitarsa ta wata kafa ke nunawa. Ta ɗauki Gidan Dahala misali na unguwannin birnin Sakkwato da asibiti bai yi musu nisa ba, a jihar da yawancin mata ke haihuwa a gida. Matsayarta ita ce tambayar "ya yi kashi?" ba ta wadatar ba sai an haɗa ta da lokaci da kafa da launi, kuma kaka da ungozoma ne suka fi cancanta a koya wa wannan duba.

Gabatarwa

Tun jariri yana ciki hanjinsa ke tara ruwan mahaifar da ya haɗiya, da majina, da ruwan matsarmama, da ɓarɓashin fatar hanji, da lallausan gashin jikinsa. Wannan tarin ne ke fita bayan haihuwa, baƙi mai ratsin kore, mai danƙo kamar kwalta, kusan babu wari. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran da suka cika wata tara suna fitar da shi cikin awa 24, kusan dukkansu kuma kafin awa 48, sai bakwaini da kan ɗan jinkirta. Zuwa rana ta uku ko ta huɗu launin kan sassauta ya koma kore-kore, daga ta biyar ya zama ruwan ɗorawa idan jaririn yana samun nono sosai. Wannan jeri na kwanaki shi ne shaida ta farko cewa hanya a buɗe take daga baki har dubura, kuma ana karanta ta a ɗakin mai jego ba tare da na'ura ko kuɗi ba.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masu bincike kan shayarwa a ƙasar Hausa sun daɗe suna nuna illar zubar da dakashi da ɗura wa jariri ruwan zafi, ko zuma, ko jiƙon saiwoyi kafin a sa shi a nono. Babu jayayya da su. Dakashi yana motsa hanji, yana hanzarta fitar baƙin kashi, fitarsa kuma na rage sinadarin da ke jawo shawara.

Jayayyar tana tare da masu ganin cewa duk wata matsalar jariri sabon haihuwa ba ta da mafita sai mata sun koma haihuwa a asibiti. Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kaɗai ake yi a asibiti a Nijeriya, a shiyyar arewa maso yamma kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Binciken ya kuma nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 na rasuwa kafin su cika wata guda, kuma kashi 42 cikin 100 ne ake sa wa nono a awar farko. Masu wancan ra'ayi suna karanta waɗannan alƙaluma su ce a gina asibitoci, a ƙara ungozomomin zamani. Burin daidai ne, amma aikin shekaru ne, jaririn da aka haifa daren jiya da toshewar hanji kuwa kwanaki kaɗan gare shi. Sakkwato kanta ta riga ta nuna akwai abin yi kafin lokacin. A 2013 jihar ta fara raba maganin shafawa a cibiya ta hannun 'yan sa-kai na unguwanni, har cikin gidajen da aka haihu babu ma'aikacin lafiya. Idan magani ya iya shiga ɗakin mai jego ta wannan hanya, tambayoyi uku na lokaci da kafa da launi, da ba a saye da kuɗi, sun fi sauƙin shiga.

Hanyar Bincike

An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce. An haɗa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya kan duba jariri, da alƙaluman binciken ƙasa na 2018, da abin da likitocin tiyatar yara suka tabbatar kan toshewar hanji, sannan aka auna su da tsarin jego na gidan Bahaushe daga haihuwa zuwa ranar suna.

Sakamako da Tattaunawa

Babban abin da nazarin ya fito da shi shi ne ganin kashi a tsumma ba hujja ba ne cewa dubura na nan. Kimanin jariri ɗaya cikin 5,000 ana haifarsa da matsalar dubura, ko babu ita sam, ko ba ta buɗe a muhallinta ba. Wanda ba shi da kowace kafa yakan tona kansa da wuri, domin ciki zai kumbura, ya ƙi nono, ya fara amai. Wanda ke ɓoyuwa shi ne mai 'yar ƙaramar kafa a wani wuri. A jarirai mata, nau'in da ya fi yawa shi ne ƙarshen hanji ya buɗe a bakin gaba, ƙasa kaɗan da ƙofar farji. Baƙin kashi zai fito, tsumma zai ɓaci, mai wanka ta goge ta ce alhamdu lillahi yarinya ta yi kashi, alhali inda dubura ya kamata ta kasance fata ce a shafe, ko ɗan lotsawa kawai. Muddin nono kaɗai take sha, kashinta mai ruwa-ruwa ne yana samun wucewa. Sai an fara ba ta koko ko kunu kashin ya yi tauri, sannan yunƙuri da kuka da kumburin ciki su bayyana, a lokacin hanji ya riga ya buɗe ya saki, gyara ya ƙara wuya. A jarirai maza kafar kan haɗu da hanyar fitsari, sai a ga baƙi-baƙi a bakin mazakuta ko fitsari ya fito da ƙazanta, ko kuma ta buɗe a fatar da ke tsakanin maraina da mazaunin dubura. Duk waɗannan ido ne ke gano su. Ana kwantar da jariri a rigingine wurin haske, a ɗaga ƙafafunsa, a goge wurin tsaf, a duba ko akwai kafa, ko tana tsakiya, ko kashin ta nan yake fitowa. Bai kai minti ɗaya ba, kuma ba ya buƙatar a cusa yatsa ko tsinke. Wurin da aka samu a shafe ba aikin aska ba ne. Yanka a gida na iya lalata naman da ke riƙe kashi, yaro ya girma ba ya iya riƙewa.

Abin da ya sa wannan duba ke kuɓucewa yana cikin tsarin jego ne. Mai jego tana fama da wankan ruwan zafi da kunun kanwa da 'yan barka. Idan haihuwar fari ce, kunya ta hana ta zura wa jaririn ido gaban manya, balle ta bincika al'aurarsa. Wanka da gashin cibiya da sauya tsumma suna hannun kaka ko ungozoma ko wata dattijuwar gida. Saƙon lafiya kuwa galibi uwa ake faɗa wa a wurin awon ciki, ita da ba ita ke goge jaririn ba a kwanakin da abin ya fi muhimmanci. Ga kuma ranar suna, wadda ta zama iyaka a zukatan mutane, komai aka gani a ce a bari a yi suna tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a duba jariri cikin awa 24, da rana ta uku, da tsakanin rana ta bakwai da ta sha huɗu, da mako na shida. Biyun farko duk kafin suna suke, kuma su ne masu kama toshewar hanji. A unguwa kamar Gidan Dahala, inda Keke Napep ke kai mutum Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari ɗaya, jinkirin da ake samu na ganewa ne da yanke shawara, ba na tafiya ba.

Lokaci da launi ba sa buƙatar dogon bayani. Jaririn da duburarsa ke nan amma ya wuce awa 48 bai yi kashi ba, ana zargin cutar da Harald Hirschsprung, likitan yara ɗan ƙasar Danmak, ya bayyana a 1886, inda ƙarshen hanji ke rasa jijiyoyin da ke tura kashi. Ta fi kama maza. Jiƙon da ake ɗurawa don wanke ciki na iya tsirto da ɗan kashi, hankali ya kwanta, cutar tana nan. Amai kore a jariri gaggawa ce ta wannan sa'ar, domin hanji na iya murɗewa ya mutu. Kashin da ya ci gaba da baƙi har rana ta biyar yana nuna nono bai isa ba. Kashi fari ko ruwan toka tare da shawara na nuna toshewar hanyar matsarmama, wadda tiyatarta ta fi nasara kafin kwana 60. Taiwan ta fara raba wa iyaye katin launukan kashi a faɗin ƙasa a 2004, Japan ta bi a 2012.

Za a iya cewa wannan zai tsorata iyaye a kan abin da ke samun ɗaya cikin dubbai. Amsa ita ce dubar ba ta da tsada kuma ba ta da haɗari, kuma mafi yawan lokuta kwanciyar hankali take kawowa, har ta kawar da dalilin ɗura jiƙo, tunda an gane baƙin kashi lafiya ce ba dauɗa ba. Za a kuma ce tiyata ta fi ƙarfin talaka. Wannan gaskiya ce mai nauyi, sai dai jaririn da aka kawo rana ta biyu cikinsa bai kumbura ba ya fi arha, ya kuma fi tsira, a kan wanda aka kawo rana ta takwas jini ya gurɓace. Batun tahniki kuwa ba ya cikin jayayya. Shafa ɗan dabino a ganɗar jariri daban, cika masa ciki da ruwa daban, zuma kuma ba a ba yaron da bai shekara ba saboda ƙwayar cuta mai shanye jiki da kan ɓuya a cikinta.

Iyakokin Bincike

Nazarin ya dogara ne da rubuce-rubuce da alƙaluman ƙasa da na shiyya, ba ƙidayar gida-gida aka yi a Gidan Dahala ba. Mai son ƙidaya yana iya yi, amma sakamakonta ba zai canza wurin da dubura ya kamata ta kasance ba, ba kuma zai ƙara wa jariri mai toshewa awa ɗaya ba.

Shawara

Ana kira ga hukumar kula da lafiya matakin farko ta Jihar Sakkwato da ta sa tambayoyin nan uku, yaushe ya yi, ta ina ya fito, wane launi ne, cikin horon ungozomomi da 'yan sa-kai na unguwanni, a kuma riƙa gayyato kakanni wurin awon ciki na ƙarshe. Jaririn da ya kwana biyu bai yi kashi ba, ko aka ga kashinsa na fita ta wata kafa, ko ya yi amai kore, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an yi suna ba.