Ranar Da Kotu Ta Ce A'a

Ina ɗan makaranta a Damagaram, ranar 29 ga Yuni 2009, na ji a rediyon mahaifina cewa Shugaba Tandja Mamadou ya rushe kotun tsarin mulki. Laifinta ɗaya: ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta yanke cewa ba shi da hurumin kiran ƙuri'ar raba gardama don ƙara wa kansa wa'adi. Kafin nan, a watan Mayu, ya riga ya sallami majalisar dokoki. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, tazarce ta samu shekara uku a takarda. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojojin Salou Djibo suka kawo ƙarshen zancen.

Yau da nake zama gaban makirfo, masu saurare kan bugo su ce dimokuraɗiyya rigar aro ce, ba ta dace da jikin baƙar fata ba. Nakan ce musu mu leƙa wasu gidajen tukuna.

A Peru, can Kudancin Amurka, Alberto Fujimori ya hau mulki ta akwatin zaɓe a 1990. Ranar 5 ga Afrilu 1992 ya jibge tankokin yaƙi a ƙofar majalisa, ya rufe ta, ya dakatar da kundin tsarin mulki, ya kori alƙalai. Sojoji na bayansa, jama'a da yawa na yi masa tafi, don sun gaji da tsadar rayuwa da 'yan tawaye. Sai a 2000 ya aiko da takardar murabus daga Japan. A 2009, shekarar tazarcenmu, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara 25.

A Koriya ta Kudu kuwa, daren 3 ga Disamba 2024 Shugaba Yoon Suk Yeol ya kafa dokar soja. Jama'a suka yi cincirindo a ƙofar majalisa, 'yan majalisa na tsallake katanga su shiga. Su 190 suka soke dokar, har da 'yan jam'iyyarsa. Cikin awa shida ya janye, a Afrilun 2025 kotun tsarin mulki ta tsige shi.

Kada a ce sai ƙasa mai arziki. A Senegal, cikin Fabrairun 2024, Macky Sall ya ɗage zaɓe, majalisar tsarin mulki ta ce bai halatta ba. Matasa na kan titi, sojoji na barikinsu. Ya bi hukuncin, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye ya ci.

Nahiya uku, cuta ɗaya: zaɓaɓɓen shugaba da ke ganin doka ta yi masa kaɗan. Alƙalan Yamai ba su gaza na Dakar jarumta ba. Bambancin shi ne wanda ya tsaya bayan hukuncin: ɗan majalisar da ya ƙi bin ubangidansa, hafsan da bai ga dama a rikicin ba, talakan da ya fito.

Abin da ke damuna shi ne tafin da muka yi a 2010. Mun ɗauka bindiga ta rama wa kotu, alhali koya mana ta yi cewa ita ce alƙalin ƙarshe. Ranar 26 ga Yuli 2023 ta sake zaman shari'a, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.