Labarin Littafi a Unguwar Ekoudou

A wannan shekara ta murna ya kamata mu tuna da hanyar da littafi ya bi kafin ya iso hannunmu. Gama yaranmu suna tambayarmu yanzu, suna cewa, ina amfanin takarda, tun da yake waya tana ɗauke da kome? Ba za mu iya ba su amsa ba sai mun san mafarin abin.

Jamusawa suka kafa sansaninsu a Yawunde cikin 1889. Ba a daɗe ba fatake Hausawa suka gangaro daga Adamawa da hajarsu. Unguwar da suka zauna daga baya, mutanen Ewondo suna ce da ita Ekoudou, Turawa kuwa suka sa mata Briqueterie, saboda wurin gasa tubali da yake nan a dā. Fataken nan ba jahilai ba ne. Sun zo da allo da tawada, da takardun ajami cikin gafaka. Amma littafin wancan zamani rubutun hannu ne. Wanda yake so, sai ya nemi malami ya kwafa masa, ya jira watanni.

Bugun Hausa da injin kuwa a nesa aka fara shi. Wani Bajamushe, Schön, ya koyi harshenmu, Dorugu kuma, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila, ya taimake shi. Aka buga Bisharar Matiyu cikin 1857, Sabon Alkawari cikin 1880, amma kaɗan ne suka iso hannun Hausawa. Sai Likita Miller ya zauna a Zariya cikin 1905, shi da abokan aikinsa suka yi ta fama shekara da shekaru, har Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa cikin 1932. A waɗannan shekaru ne kuma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito cikin 1939. Aka fitar da wata sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki cikin 1979.

To, dukan wannan a Ingila da Nijeriya aka yi shi. Mu kuwa muna ƙasar da makaranta take koyar da Faransanci. Ikilisiyoyi sun kafa gidan buga littattafai na CLÉ a nan Yawunde cikin 1963, aiki mai kyau ƙwarai, amma da Faransanci yake bugawa. Saboda haka littafin Hausa baƙo ne a wurinmu. Sai ya ƙetaro iyaka, ya biyo ta Garwa da Ngawundere cikin kayan ɗan kasuwa, tsakanin atamfa da shadda. Da jirgin ƙasa ya kai Ngawundere cikin 1974 tafiyar ta yi sauƙi kaɗan. Duk da haka littafi ɗaya yakan zaga gida uku.

Yanzu ga littafin lantarki. An fitar da na'urar Kindle a Amurka cikin 2007, amma ba ita ta shigo unguwarmu ba, waya ce ta shigo. Manhajar YouVersion ta fara cikin 2008, yau kuwa akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a cikinta, kyauta. 'Yan matanmu suna karanta labaran marubutan Kano ta WhatsApp ran da aka rubuta su. Kada mu rena wannan. Tafiyar da take cin makonni ta zama ta ƙiftawar ido. Tsohon da idonsa ya yi rauni yana ƙara girman baƙaƙe da yatsa. Wanda ya iya ajami ko Faransanci kaɗai, bai iya bokon Hausa ba, yana sauraron karatun da kunnensa. Akwai kuma ɗan'uwan da danginsa ba su yarda da hanyarsa ba tukuna. Littafi mai bango ba ya ɓoyuwa cikin ɗakin haya, amma waya tana aljihunsa, yana karatu cikin salama, ba ya ta da hankalin gida.

Amma mun ga wani abu cikin ajin karatu. Mai waya yakan sami aya da sauri, mai takarda kuwa shi yakan tuna da ita bayan mako. Ido yana riƙe wurin da magana take, ko sama ko ƙasa, ko hannun dama ko hagu, waya kuwa ba ta da irin wannan wuri. Masu bincike a ƙasar Sifen sun tattara gwaje-gwaje 54 cikin 2018, suka tarar mai karanta bayani a takarda ya ɗan fi fahimta, balle idan lokaci ya ƙure, amma wajen labarin hira ba su ga bambanci sosai ba. Ban da haka, mutum yana tsakiyar sura sai saƙo ya shigo, ya bi shi, bai komo ba. Wuta ta ɗauke, caji ya ƙare. Ɓarawo ya fizge waya a kasuwar Mokolo, ya tafi da littattafai hamsin. Masu rubutu a waya kuma da yawa sun yar da ƙugiyar baƙaƙe, har yaro ba ya rarrabe baki da baƙi, ko kafa da ƙafa.

Shawararmu ke nan. A hanya da kasuwa da gadon asibiti, a riƙe waya. Amma wajen ajin karatu, da koya wa yara, da karatun iyali da dare, a buɗe takarda, kowa ya ga shafi ɗaya. A farkon shafinta ne iyayenmu suka rubuta sunayen 'ya'yansu da ranar haihuwarsu. Wanda yake da tsohon bugu cikin akwati, ya fito da shi ya sha iska idan rani ya yi, ya duba ko gara ta taɓa shi, gama laimar Yawunde tana cin takarda da sauri.