Gadojin Ikko a Cikin Gwangwanin Madara



Makon jiya ina laluben wasu takardu a ƙarƙashin gado sai hannuna ya faɗa kan wani tsohon gwangwanin madara da na manta da shi. Ina buɗe murfin wani warin tsami ya buge ni. Nagatif ne na hotunan da na ɗauka tsakanin 1987 da 2003, wasu sun manne da juna, wasu fumfuna ta yi masu zane kamar saƙar gizo. Na ɗaga ɗaya saitin taga, sai ga gadar Carter da sassafe, ga 'yan dako ɗauke da huhun goro suna gangarawa Idumota. Nan na zauna har aka kira azahar ban sani ba.

Mai karatu, ni haifaffen Obalende ne, mahaifina kuma mutumin Kano ne da fataucin goro ya kawo shi Kurmi. Ina ɗan shekara goma sha tara na fara zama a shagon wani dattijo Bayarabe mai ɗaukar hoto a layinmu. Da Baba ya ji labari sai ya kira ni ya ce, "Kai yanzu duk sana'o'in duniya ka rasa ta yi sai ta zana mutane?" Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ba mutane zan riƙa ɗauka ba, gadoji ne da unguwanni." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To gada me ta yi maka?" A ranar ban da amsa. Yau ina ganin na samu, sai dai wanda ya yi tambayar ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Amsar ita ce, tarihin zamanmu a garin nan a jikin gadoji da kwatoci yake. A shekarar 1863 wani Bature mai suna John Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko, yawancinta Hausawa, waɗanda da dama cikinsu bayi ne da suka gudo. Daga wannan runduna ake ƙirga asalin sojan Nijeriya. Daga baya an zaunar da sojojin Hausa a Obalende, a bakin kwatar da aka haƙa zamanin Gwamna William MacGregor, wanda ya riƙe Ikko daga 1899 zuwa 1904. Shi likita ne, kuma a lokacin an gano cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro, don haka ya sa aka haƙa hanyar ruwa domin fadamar ta tsane. Wannan kwata ita ta raba tsibirin Ikko da Ikoyi. Mu da muka tashi a wurin mun same ta ta ƙanƙance, shara da gine-gine sun cinye gefenta, amma ina da hotonta guda shida da na ɗauka a 1988, har da yara suna tsallaka ta a kan katako.

Gadar Carter kuwa an gama ta farko a 1901, aka sa mata sunan Gwamna Gilbert Carter. Ita ta haɗa tsibirin da Iddo, inda tashar jirgin ƙasa take, kuma a 1902 har wani ƙaramin jirgi aka sa yana bi ta kanta. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai Iddo ta zama ƙofar da Bahaushe ke shigowa Ikko: shanu da fata da gyaɗa su gangaro, goro da gishiri da atamfa su haura. Duk wanda kakansa ya zo garin nan a jirgi, to ya taka wannan gada da tabarmarsa a hammata. An sake gina ta daga baya, wadda na ɗauka ba ta farkon ba ce, amma mashigar ɗaya ce. Sai gadar Eko da kamfanin Julius Berger ya gina kashi-kashi tsakanin 1965 da 1975, sannan babbar cikinsu, Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda Janar Babangida ya buɗe a 1990.

Yaran yanzu da ke ɗaukar hoto ɗari a waya kafin su gama shan shayi ba za su gane yadda abin yake ba. Kyamarata Yashica ce ta hannu, fim ɗaya kuma hoto 36 yake ɗauka, in ya ƙare ya ƙare. Don haka kafin ka danna sai ka yi tunani. Nakan fito bayan asuba, domin da rana ta take ruwan lagun yakan yi ƙyalli ya wanke hoton fes. Lokacin hunturu kuma hazo yakan haɗiye ƙarshen gadar, ka ga kamar ta shige gajimare. Baƙi-da-fari na fi ɗauka, na Ilford ko Agfa ko Kodak, saboda shi ne nake iya wankewa da hannuna. Mai kala sai an kai wurin masu inji, domin maganinsa yana son zafi daidai wajen digiri 38, kuskure kaɗan kala ta lalace.

Wankin kansa a wani ɗan ɗaki muke yi a bayan shago, an toshe ko'ina da baƙin ƙyalle. Shi fim ba ya son haske ko kaɗan, har jan ƙwan nan da ake gani, wannan na lokacin buga takarda ne. A cikin duhu ƙirin za ka fasa gwangwanin fim, ka naɗa shi a ƙarfensa da lalube, ka sa a tukunyarsa ka rufe, sannan ka kunna fitila. Sai ka zuba maganin farko mai fito da hoto, kana juyawa a hankali duk bayan minti ɗaya, ka zubar, ka ɗauraye, ka zuba na biyu mai tsayar da hoto, wanda muke kira haifo. Matsalar ita ce Turawa sun tsara maganin a kan digiri 20, ruwan Ikko kuwa ɗumi gare shi ko da daddare. Sai in je wurin mai sayar da lemo in sayo ƙanƙara, in riƙa jefawa ina duba ma'auni. Maigidana yakan ce, "Yaro, mai gaggawa ba ya wanke fim." Na ƙi ji sau ɗaya, na zuba ruwan sanyi bayan na ɗumi, fim ɗin gadar Eko gaba ɗaya ya yi tsaga-tsaga kamar busasshen tabki.

Amma duk wahalar takan wuce a lokacin da ka sa farar takarda cikin faranti a ƙarƙashin jan haske, kana kallo ginshiƙan gada suna fitowa sannu a hankali. Wallahi har yau ban ga abin da ya kai wannan daɗi ba a sana'a.

Ɗaukar gada a zamanin soja ba wasa ba ne. Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa kafin a koma Abuja a watan Disamba na 1991, maƙwabcinmu ne. Ranar 22 ga Afrilu 1990 muka kwana muna jin harbi, da safe kuma aka ji Manjo Gideon Orkar a rediyo yana cewa an cire jihohin Sakkwato da Borno da Katsina da Kano da Bauchi daga ƙasar. Juyin bai yi nasara ba, amma duk Bahaushen da ke Ikko ranar ya tambayi kansa ko shi ɗan gari ne ko baƙo. Bayan makonni kaɗan wani mai kaki ya tare ni a kan gada, ya buɗe bayan kyamarar ya zaro fim ɗin a rana. Hotunan da suka ƙone ranar har da na Maroko, inda na je ziyarar wani abokina. A watan Yuli na shekarar aka rushe Maroko baki ɗaya. Yau manyan gidaje ne a wurin, ni kuma ba ni da ko hoto ɗaya da zan nuna wa 'ya'yana.

Akwai kuma ranar da ni da kaina na kasa ɗaga kyamara. A 27 ga Janairu 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta yi bindiga, jama'a suka yi ta gudu cikin duhu, suka faɗa kwatar Oke-Afa da kainuwa ta rufe samanta har ta yi kama da ƙasa. Fiye da mutum dubu suka rasu, da yawa yara ne. Na je wurin da kyamara a wuya, na dawo ban danna ko sau ɗaya ba. Mako guda bayan haka rikici ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka yi asarar rayuka da gidaje. Bayan ƙura ta lafa wata dattijuwa ta aiko a tambaye ni ko ina da hoton layinsu. Na duba na samu guda ɗaya na 1994, ga ƙofar gidansu, ga teburin mai gidanta na sayar da tsire. Da na kai mata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, yanzu jikokina za su yarda muna da gida."

To jama'a, a nan ne nake ganin mun yi sakaci. Mu Hausawan Kurmi mun ɗauki hotuna da yawa, amma kusan duka a cikin shago, ranar Sallah, da babbar riga, a gaban labulen da aka zana wa jirgin sama ko benen da ba namu ba. Ba mu ɗauki zangon ba, ba mu ɗauki masallacin kafin a rushe a sake ginawa ba, ba mu ɗauki karar shanu ko rumfar goro ta Agege ba. Wasu sun yi wa nasu tarihin hidima: George Da Costa ya ɗauki aikin shimfiɗa layin dogo tun farkon zamanin Turawa, J.D. Okhai Ojeikere kuma, wanda ya rasu a 2014, ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson mata har duniya ta san shi. Mu kuwa in aka ce mana baƙi, sai dai mu ce kakanninmu sun fi shekara ɗari da hamsin a nan, a ce ina shaida, mu yi shiru.

Ɗan abin da muke da shi ma yana lalacewa. Kamfanin Kodak kansa ya durƙushe a 2012 kafin ya sake miƙewa, shagunan wankin fim da na sani kuma duk sun koma wata sana'ar. Laimar Ikko ba ta raga wa nagatif. Don haka ina roƙon duk mai irin gwangwanina ya fito da shi yau. A raba waɗanda suka fara warin tsami da sauran, domin suna harbin lafiyayyu. A sa su cikin takarda mai tsabta, ban da leda, a ajiye inda iska ke shiga. A ɗora kowanne a kan haske a ɗauke shi da waya, ko a kai a yi masa sikanin. Abu mafi muhimmanci, a zauna da dattawa tun suna raye su faɗi wane wuri ne, wace shekara ce, a rubuta a baya. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba bai zama shaida ba.

Ni dai na fara da nawa. Cikin fim 41 da na samu, 29 sun tsira. Na gadar Carter ɗin nan na sa an buga shi babba, na rataye a zaure kusa da hoton Baba, ko da yake na san da yana nan sai ya ce in sauke duka biyun.

Allah ya bar zumunci, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.